Irin Baffa Ilu

Bana damina ta yi jinkiri a wajenmu, ta kuma ɗauke da wuri. Da kaka na je gida, ƙauyenmu da ke arewa da Kano, inda gona ke manne da gona, ba ka samun inda za ka ɗaure akuya ba ka shiga haƙƙin wani ba. Ina ratsa gonar Sabi'u, jikan baffana, sai na ga wata zangarniyar dawa ta yi dabam da 'yan'uwanta. Na kama ta na murza. Ƙwayoyin suka fashe, baƙin gari ya cika mini tafin hannu. Burtuntuna ce. Warinta bai canja ba, irin warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na tsaya ina kallon hannuna, wata shekara ta dawo mini gaba ɗayanta.

Shekara ta biyu ce ta babban farin nan. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, da matata Rabi, da 'yarmu a goye. Mahaifinmu ya rasu, don haka gandun gidan yana hannun wansa, Baffa Ilu. Shi ke cewa a fita gona, shi ke cewa a tashi, shi ke buɗe rumbu ya auna wa kowane ɗaki hatsi. Mukan yi aikin gandu daga safe zuwa azahar, da yamma kowa ya tafi gayaunarsa, ɗan fegin da aka yankar masa na kansa.

Abin alfaharin Baffa a duniya guda ɗaya ne, kaurarsa. Dawa ce mai manyan ƙwaya, launin ɗorawa, wadda ya gada daga mahaifinsa. Bai taɓa sayen iri ba, bai taɓa roƙa ba. Kowace kaka da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniyoyin da za a ajiye, ba ya yarda wani ya taya shi. Idan yana magana a kanta ba ya cewa dawa, sai dai ya ce "irinmu".

A shekarar ruwa bai zo ba har lokacin da ya kamata a ce an gama noman farko. Muka yi binne, muka zuba iri a busasshiyar ƙasa muna jiran sama. Aka yi yayyafi ɗaya wanda ya isa ya ta da tsiro amma bai isa ya raya shi ba. Tsiron ya fito, ya yi kwana biyar, ya kwanta kamar zaren da wuta ta lasa. Gidaje da yawa irinsu ke nan ya ƙare. Baffa ya fito da nasa ya raba wa maƙwabta, kwano kwano, bai karɓi komai ba. Ba zan hana shi wannan ba. Amma a ƙofar gida ya raba, da rana tsaka, yana kiran sunan kowa da ƙarfi don na nesa su ji wanda ya zo karɓa.

Shuka ta biyu ta kama. Gero ya ƙone tun kafin ya yi ido, sai muka zuba wa dawa ido. Ta yi ciki, ta fid da kai, muka fara lissafin tuwo. Da ta nuna sai muka ga abin da muka noma. A wasu kunyoyin baƙaƙen zangarniyoyi sun fi masu ƙwaya yawa. Gonakin maƙwabta ma haka. Aka ce fushin Allah ne, aka ce wata iska ce ta bi ta gabas, aka ce wata mata ce ta tsallake gona ba ta da tsarki.

Ba a zubar da komai ba. Mai yunwa ba ya ware zangarniya don rabinta ya yi baƙi. Aka ɗaure mai kyau da maras kyau a dami ɗaya. Mata suka yi sussuka a turamen tsakar gida, baƙar ƙura ta tashi ta sauka a kan girarsu da mayafansu da bakin randa. In Rabi ta fyace hanci, baƙi ne. Tuwon ya fito launin toka, yana maƙale wa mutum a wuya. Zaɓaɓɓun zangarniyoyin Baffa kuwa, da a ka'ida ake ratayewa a rumbu, ya ce a sussuke su a zuba a tulu a liƙe baki, saboda ɓeraye da masu dogon hannu. A turmin da aka gama sussukar sauran aka sussuke su.

Ana cikin wannan Yaya Habu ya zo hutu. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan farin Inna, shi ya sa ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ta ce "mutumin birni". Tun yana shekara goma aka kai shi makarantar kwana, daga nan bai sake yin damina ɗaya cikakkiya a gida ba. A lokacin yana aiki a wata cibiyar binciken noma, a ɗakin gwaje-gwaje, kuma abin da ya ƙware a kai shi ne funfuna.

Ba ya iya shiru da ita. Ya ce mana funfuna halitta ce mai rai, ba tsiro ba ce kuma ba dabba ba, dangi ce mai zaman kanta. Naman kazan da ke fitowa a jikin shuri bayan ruwa ɗan gidansu ne, kuma gara ce ke nomansa a cikin shurin kamar yadda muke noman dawa. Abin da ke kumbura burodi ɗan gidansu ne. Makeron da ke cin kan yara ɗan gidansu ne. Allurar da ta tashi Inna daga ciwon haƙarƙari, daga wata koriyar funfuna aka samo ta. Ya ce wanda ya san funfuna dole ya leƙa aikin likita, ya leƙa na mai duba ƙasa, ya leƙa na mai duba yanayi, don ita ba ta san iyakar da mutane suka yi wa ilimi ba. Inna tana jin wannan tana tankaɗen garin toka. Ta ce to madalla, ko a cikin dangin nasu akwai wanda ake ci a ƙoshi?

Rana ta uku ya kira ni bayan rumbu. Ya sa matar Baffa ta ɗibar masa ƙwayar iri cikin cokali kafin a liƙe tulun. Ƙwayoyin tas suke, launin ɗorawa da kyau, ba tabo. Ya zuba su a farar tasa, ya zuba ruwa kaɗan, ya kaɗa. Wani siririn baƙin maiƙo ya taso ya kewaye bakin tasar.

"Ka gani?" in ji shi. "Baƙin garin nan shi ne irin burtuntunar. Yana manne a jikin ƙwaya. Ka binne su tare, su tsiro tare, ta bi ta cikin karan ba ka ganinta, sai ranar da dawa ta fid da kai."

Ya ce binnen da muke yi ma yana taimakonta, don ƙwayar da ta daɗe a ƙasa ba ta tashi ba ta fi saurin kamuwa. Ya ce akwai magani, wani jan gari da ake cuɗa iri da shi kafin shuka, kuma ya zo da ƙulli biyu. Na ce masa ya sami Baffa shi kaɗai, bayan ya ci abinci, ya lallaɓa. Ya ce ai wannan ba maganar lallaɓawa ba ce, abu ne da ido ke gani.

Bai sami Baffa shi kaɗai ba. A gindin tsamiyar ƙofar masallaci ya yi maganar, bayan la'asar, gaban dattawan unguwa. Tanko mahauci ne ya tsokano shi.

"Malam Funfuna, wai da gaske albashi ake ba ka don ka riƙa kallon abin da matanmu ke kankarewa daga kwantan tuwo? To ga aiki ya same ka a gida. Faɗa mana, daga ina baƙin nan ya zo?"

Aka yi dariya. Yaya Habu ya gyara zama kamar mai ba da darasi. Ya ce ba iska ba ce, ba kuma wata mata ba ce.

"Cutar a irin Baffa take. A irin gidanmu. Duk wanda ya karɓi irinmu ya kai ta gidansa."

Dariyar ta tsaya. Ba wanda ya kalli Baffa, kowa ƙasa ya kalla, kuma wannan ya fi kallon muni.

Ga abin da Yaya Habu ya manta, ko kuma bai zauna a gida ya sani ba. Kakanmu, mai kaurar, da kuturta ya rasu. Shekara da shekaru ana raɗa a garin cewa gidanmu irinsu na da cuta. Saboda wannan kalma aka hana Baffa matar da ya fara nema. Saboda ita ya yi shekaru ba ya sa hannu a akushi ɗaya da mutane sai an matsa masa. Da noma da kyauta da zama a sahun gaba ya binne maganar, har yaranmu suka tashi ba su san ta ba. A Hausa abin da kake shukawa iri ne, jinin da ka fito daga cikinsa ma iri ne. Mutumin da ya san sunan funfuna kala-kala bai tuna cewa kalmar garinsu baki biyu gare ta ba.

Baffa ya tashi a hankali, ya kakkaɓe rigarsa.

"Irin da ya haifi ubanka kake nufi?"

Yaya Habu ya fara bayani, ya ce dawa yake nufi, ya ce a kawo farar tasa ya nuna. Baffa ya ce ba ya bukatar tasa. Ya ce gobe kafin hantsi kada ya gan shi a gidan, kuma jan garinsa in ya taɓa ƙwaya ɗaya ta gandu, wanda ya sa shi ya ware tukunyarsa.

Yaya Habu ya tafi da safe. Ya danƙa mini ƙulli biyun a bakin hanyar mota, ya ce kada a ci irin da aka cuɗa da shi ko da yunwa za ta yi kisa, don guba ne. Ya hau mota ya koma inda ake biyansa albashi ƙarshen wata. Ni ya bari da Baffa, da tulun, da garin da yanzu kowa ke cewa ashe ma daga gidanmu baƙin ya fito.

Rani ya yi tsawo. Samari suka tafi ci rani, ni Baffa ya ce in zauna in kula da dabbobi. Awon da yake yi wa ɗakuna ya ragu daga kwano zuwa rabin kwano. Muka koma kunu da safe, tuwo da dare, rana babu. Daga baya aka fara haɗa garin da dusa. Da bazara ta shigo zafi ya zama abin da ake ji a haƙori. Rijiyar unguwa ta koma laka, mata suna kwana biyu kafin su cika randa. Katangar ɗaki takan riƙe zafin rana har asuba. 'Yarmu ta daina kuka da ƙarfi, sai dai ta buɗe baki kawai.

Ƙulli biyun suna cikin rufin ɗakina duk wannan lokaci. Na je wa Baffa sau biyu. Na farko na ce masa ko rabin tulun a gwada. Ya ce in ina son bin ɗan'uwana hanya a buɗe take. Na biyu matarsa ce ta tare ni a zaure, ta ce in bar maganar. Ta ce ko ba don zuciyar Baffa ba, irin da ba a shafa wa komai ba in abin ya kai maƙura ana iya daka shi a sha kunu, wanda aka shafa wa guba fa? Wannan ita ce hujja ɗaya mai ma'ana da na ji daga ɓangarensu, kuma ba daga bakin Baffa ta fito ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Baffa ya fasa bakin tulu, ya ware na gandu, ya auna wa kowannenmu na gayaunarsa. Nawa bai cika kwano biyu ba. Na kai ɗaki na ajiye a gaban Rabi. Ta san abin da nake tunani. Ta ce wannan kunun kwana shida ne in an yi tattali. Na ce na sani. Ta ɗauki 'yar ta fita tsakar gida.

Na zuba irin a babban gora, na zazzage ƙulli ɗaya, na toshe, na girgiza. Baffa cewa ya yi kada ya taɓa na gandu. Gayauna ba gandu ba ce. Da wannan na kare kaina a zuciyata, kuma na san ba zai karɓa ba.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata da hantsi, ruwa na gaske, ƙasa ta yi ƙamshin da ke sa mai yunwa jiri. Washegari muka shuka gandu, Baffa a gaba da sungumi yana sara, mu a baya muna zuba iri muna takewa. Da yamma na shuka gayaunata. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne jan garin ba ya fita da wanki ɗaya. Ya shiga ƙarƙashin farce, ya bi layukan tafin hannu. Da magariba na zo alwala a ƙofar gida, Baffa yana zaune a kan buzunsa. Ya kalli hannuna.

"Lalle ka sa, Lawan? Biki ake yi ban sani ba?"

Na ce a gayaunata na sa, ban taɓa na gandu ba.

"Daga wane tulu aka auna maka?"

Na ci gaba da alwalata.

"Ka rina irin kakanka don gari su ga cewa sai an yi masa magani. To ka ci abin da ka rina."

Tun daga ranar ba a sake auna wa ɗakina hatsi ba. Kuma lokacin da ya zaɓa ya san shi sarai, watannin da rumbu ya ƙare, sabo bai nuna ba. Da marka ta kankama gona ta yi kore shar, ciki kuwa babu komai. Muka rayu da tafasa da rama da ganyen zogale, ana kwaɗa su da ɗan ƙuli in an samu, in ba a samu ba da gishiri. Na yi ƙodago a gonakin mutane da safe, na noma tawa da yamma. Muka sayar da akuyar Rabi, muka sayar da tasoshin aurenta, har da farar tasar nan. Inna, wadda Baffa ke ci gaba da aunawa, takan rage rabin tuwonta ta ɓoye a ƙarƙashin mayafi ta kawo wa Rabi don nono ya zo. Baffa ya sani. Bai hana ba, bai kuma ƙara mata ko ƙwaya ba. Ɗaki biyar ne tsakaninmu da shi, yana jin muryar 'yar da daddare da rana, yana wucewa masallaci.

Ta rayu. Ban ce don wani ya tausaya ba, ta rayu ne kawai.

Kaka ta zo. Dawar gandu ta fid da kai, baƙin ya fi na bara. Gayaunata tana jikinta, kunya ɗaya ce ta raba su. Na bi ta zangarniya zangarniya, na sami baƙaƙe biyu. Mutane suka riƙa ratsowa ta wajen kamar hanya ce ta kawo su, su tsaya, su murza, su wuce. Baffa ya ce gayaunar tana kusa da tsohon shuri ne, ƙasar wajen ta fi ƙarfi. Tanko mahauci ya ce Lawan dai akwai sa'a. Ba wanda ya ambaci Yaya Habu.

Na sussuke nawa a turmin aro daga wata unguwa. Ban koma gandu ba, ba a kuma ce in koma ba. Da bazara ta zagayo, matar Baffa ta shigo wajen Rabi ta ƙofar baya da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Rabi ta cika mata ita da irin gayaunata. Baffa ya shuka shi a gandu, ya yi kyau, ya tsaya a gindin tsamiya yana cewa kaurar mahaifinsa ta warke da kanta, iri mai asali ba ya tabbata a cuta. Gaskiya ya faɗa ta wani fannin, kaurar mahaifinsa ce. Abin da ya tsallake shi ne hannun da ta bi.

Bai sake yi wa Yaya Habu magana ba har ya rasu. Yaya Habu ya zo ta'aziyya, aka karɓi gaisuwarsa, yana juya baya aka ce Malam Funfuna ya tsufa. Shi ma bai taɓa ce mini ya yi kuskure a gindin tsamiyar ba. Har yau in maganar ta taso cewa yake yi ai abin da ya faɗa daidai ne. Daidai ne. Ni ne na ci tafasa wata uku a kan daidai ɗin nasa. Na bar ƙauyen bayan 'yan shekaru, na yi sauran aikina a gidan rediyo, inda ake zama a yi gardama a kan kalma ɗaya kafin a sake ta ga jama'a. Nakan yi wa Baffa addu'a kamar yadda addini ya ce. Wannan wajibi ne, ina kuma sauke shi. Sauran abin yana nan inda yake.

Ina tsaye da baƙin gari a hannu Sabi'u ya iso, magidanci ne yanzu mai 'ya'ya huɗu, waya a aljihu, rediyo a rataye a kafaɗa. Ni suke kira Baffa a gidan yanzu. Ya gaishe ni, ya leƙa tafin hannuna. Na fara shirya yadda zan faɗa masa. Na ce a raina zan ce ƙwayar da ka shuka, ko dawar da ka ajiye bara, ko abin da ke cikin buhun. Duk shekarun nan ban yarda na haɗa kalmomin nan biyu, iri da cuta, a gidanmu ba.

Ya riga ni. Ya karɓi zangarniyar, ya jefa ta bakin kunya, ya goge hannu a wando.

"Irin namu ne ke da cuta, Baffa. Baɗi sai in sayo magani a kasuwa in cuɗa."

Haka ya faɗe ta, kamar mai cewa tayar kekensa ta yi faci. Na jira in ji wani abu ya motsa a gonar. Karan dawa ne kawai ke kaɗawa.

Na ce masa e, irin ne. Na ce kuma ya nemi turmi dabam.